Kilishin Alhaji Illo

Ranar Talata ce, bayan azahar. Ina tsakar gida a Lazaret ina wanke tukunya, sai na ji taksin maigidana Dauda ta tsaya a ƙofa. Ba lokacin dawowarsa ba ne. Ya shigo ba sallama, makullin mota a hannu, ya zauna bisa turmi, shi da ko yaro ya gani bisa turmi sai ya yi faɗa.

"Yaya ya kira," ya ce.

"Sun sauka lafiya?"

"Jirgin ya sauka."

Na tsaya ina kallonsa, kumfar sabulu na ɗiga daga hannuna.

"Fatuma, yarinyar nan ba ta sauka da rai ba."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sunkuya na ci gaba da wanke tukunyar. Na wanke ta ciki da waje, na ɗauraye, na kife. Ɗiyata ta fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Maƙwabta suka shigo suna kuka, ni ina shimfiɗa musu tabarma. Daga baya na ji ana yabona, wai Fatuma akwai tawakkali. Da sun san abin da shiru irin wannan ya riga ya jawo da safiyar ranar, da ba su yabe ni ba.

Ban yi lakkwal mai nisa ba. Aji uku na yi a Maradi, sai karatun manya na Hausa da na shiga bayan mun zo Yamai. Abin da na tuna shi zan rubuta, kuma zan rubuta sunan kowa, har waɗanda bakina bai saba faɗa ba.

Sunanta Huda. Shekara ashirin da biyu tana gabana ban taɓa kiran sunan nan ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Haka uwata ta yi wa babban yayanmu, haka aka koya mini: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a tsaya masa a gaban dangin miji.

Mu mutanen Maradi ne, gujiya ce ta rene mu. Man girki nata ne, ƙuli-ƙuli nata, tunkuzar miya tata, har yajin tsire da ita ake dakawa. Huda na da shekara uku wata maƙwabciya ta ba ta guntun ƙuli-ƙuli. Kafin mu kai likita leɓɓanta sun kumbura, idanunta sun rufe, numfashinta na fita da ƙara kamar ana hura tsinken kara. Lokotoro ya ce jikinta ba ya karɓar gujiya ko kaɗan, kuma ba ciwon da ke warkewa ba ne. Daga ranar gujiya ta bar gidana. Na jefar da tsohuwar muciya, na sake turmi, na koma man ja. Yaji ma ni nake daka abina. In ya ƙare na sayo na kasuwa, sai na ɗanɗana a harshena kafin ya shiga tukunya, don mai yaji zai rantse miki babu ƙuli a ciki alhali da shi ya cika rabin kwano.

Ita kuwa ta fi ni kula. Tun tana ƙarama in an miƙo mata abu sai ta tambaya, "Da me aka yi?" Kopton bakin hanya, kwaɗon zogalen da ƙawayenta ke saye, ba ta taɓa kai shi baki ba. Biki ko suna, da kwanonta take tafiya. Da ta girma lokotoro ya sa aka kawo mata wata allura daga waje, mai kama da alƙalami mai kauri, wadda ake danna wa cinya in abin ya tashi. Guda biyu ne. Ni na ɗinka musu ƴar jaka da jan yadi, ja wur, don a hange ta daga nesa. Shekara huɗu tana tsallaka gada zuwa jami'a a Lamorde, ban ga ranar da ta fita ba jakar nan a kafaɗarta ba.

Alhaji Illo yayan Dauda ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shago a Babbar Kasuwa, yana da tumbi, yana da murya. Shi ya kawo Dauda Yamai, kuma bai bari an manta da wannan ba ko rana ɗaya. Bai taɓa yarda ciwon Huda ciwo ba ne. In mun je gaisuwar sallah gidansa ya ga kwanonta, sai ya yi dariya har carbinsa na rawa.

"Ga nasarar Lazaret da kwanonta! Ke, kakanki da gujiya ya gina gidan da aka haifi ubanki. Ɗiyar Maradi ta ce gujiya na kashe ta? To, mu duka da mun mutu."

Huda ta yi murmushi ta ce, "Baba Alhaji, ina wuni." Ni ina durƙushe nesa, kaina ƙasa. Yayan miji ne, ko ido ba na haɗawa da shi.

Da ta gama jami'a ta samu bursi na ƙarin karatu a Maroko. Alhaji Illo na zuwa Kazabulanka sarin kaya sau biyu a shekara, sai ya ce tare za su tafi, shi ya san jirgi, shi ya san hanya. Dangi suka yi ta sa masa albarka. Huda ta shirya komai da kanta. Ta karɓo takardar lokotoro, ta je buron kampanin jirgin sau biyu ta gaya musu ciwonta, ta ce mini ba za ta taɓa abincinsu ba. Na dafa mata shinkafa da wake da man ja, da ƙwai uku.

Da hantsi jirgin zai tashi, don haka da sassafe muna filin jirgi. Masu rakiya ba sa shiga ciki, a wurin ajiye motoci aka sauke kaya. Alhaji Illo ya zo da jakunkunan hannu biyu, duka cike da kilishi, tsarabar abokan cinikinsa na can. Ya ce ba zai sa kilishin a cikin baliz ba, wato akwatin kaya, ma'aikatan ƙasan jirgi ɓarayi ne, suna jin ƙamshi su farke kaya. Ya ce kuma kowane matafiyi jakar hannu ɗaya ake bar masa.

"Ke, riƙe wannan," ya ce wa Huda, ya rataya mata jakar kilishi. Ya karɓi tata jakar ta baya, ya zaro kwanon abincin ya miƙa mata, sauran ya cusa cikin babban baliz. Sannan ya kai hannu ga jar jakar.

"Baba Alhaji, maganina ne."

"Na san ko mene ne. Allura ce. In suka gan ta a na'ura za su tsare mu awa biyu suna tambaya, jirgi ya tashi ya bar ni saboda iyayinki."

"Ina da takardar lokotoro."

"Takarda! Sau nawa kika hau jirgi? Ni sau talatin. Awa huɗu ce, ba shekara huɗu ba. Kawo."

Ta dubi ubanta. Dauda yana goge madubin taksinsa, madubin da ba abin da ya same shi. Sai ta dube ni.

Na ga idonta sarai. Na san abin da take roƙo. Kalma ɗaya ce, in ce, "Alhaji, a bar mata." Amma ɗiyar fari ce, shi kuma yayan miji, ga mutane tsaye. Na dubi ƙasa. Ina ji aka ja zif ɗin baliz. Da za ta shiga ta durƙusa ta ce, "Inna, na tafi." Na ce, "To." Abin da na ce mata ke nan na ƙarshe, to.

Can aka binne ta, ranar Laraba. Alhaji Illo ne ya yanke haka ta salula, ba wanda ya tambaye ni. Ranar Alhamis ya shiga kasuwa. Sai da ya kwana tara ya gama sarinsa, ya raba tsarabarsa, sannan ya dawo karɓar gaisuwa.

Ya zauna ƙofar gidanmu cikin farar shadda, mu muna ciki, amma muryarsa ba ta san bango ba. Duk wanda ya zo sai ya sake ba shi labarin daga farko. Wai ana cikin tafiya aka kawo abincin jirgi, da wani gato, ɗan kek, a ƴar leda. Wai shi barci ya ɗauke shi, yana farkawa ya ga ta cinye gaton. "Yaran yanzu," in ji shi, "sun ga abin nasara hankali ya tafi. Ta san jikinta, babba ce, ta yi jami'a. Amma kwana in ya ƙare, kwaɗayi ma sanadi ne."

Kwaɗayi. Kalmar ta shigo cikin gida kafin la'asar. Mata na cin shinkafar sadaka suna faɗinta ƙasa-ƙasa. Wata da ta san Huda tun tana goye ta ce wa ta kusa da ita, "Shekara nawa tana mana iyayi da kwano, ashe gaton jirgi take jira." Ina jin su. Yarinyar da ko alawa aka ba ta sai ta juya ta karanta bayan takarda, ita ce za ta kwanta a ƙasar da ban sani ba da sunan mai kwaɗayi.

Kampanin jirgin ma sun aiko mutum, wani Mushe Abdulaye, da kwat da turare. Ya zauna bakin tabarma kamar za ta cije shi, yana ta duba takalminsa. Bai san sunanta ba sai da ya buɗe takarda. Ya ce kampani na baƙin ciki ƙwarai. Ya ce kampani ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kowane abinci ba. Ya ce matafiyi mai irin wannan ciwo shi ke da alhakin riƙe maganinsa a jikinsa, an rubuta haka a cikin sharuɗɗa, kuma madmazel ba ta riƙe nata ba. Rabin maganarsa Faransanci ne, kalmar alhaki kawai yake juyawa Hausa don in ji da kyau. Na tambaye shi ko gato ta ci. Ya ce wannan yana cikin rahoto, rahoto kuma yana hedikwata. Ya sha ruwan da ya zo da shi a mota, bai taɓa namu ba, ya tafi. Ban ce masa komai a kan maganin ba. Na san inda maganin yake, ina tsaye aka sa shi.

Baliz ɗinta ya dawo tare da kayan Alhaji Illo. Na buɗe shi ni kaɗai a ɗaki. Jar jakar na nan tsakanin zannuwanta, allura biyu a ciki, ba a taɓa su ba.

Sati uku bayan rasuwar wata mata ta yi sallama da walaha. Doguwa ce, Bazabarma, da katon mayafi. Ta ce, "Fonda tilas," gaisuwar mutuwa irin tasu, sannan ta koma Hausa. Sunanta Safiatou, tana sarin takalma, a unguwar Talladje take. Ta ce kwana uku tana neman gidan, a Babbar Kasuwa aka kwatanta mata.

"Ke ce uwar?"

"Ni ce."

"Ni ce ta zauna kusa da ita. Ita tana tsakiya, ni wajen taga, tsohon nan wajen hanya. Na ji abin da ake faɗi a kasuwa, wai gato. Wallahi ƙarya ne. Na kasa cin abinci da wannan magana a cikina."

Na ja ta ɗaki na rufe ƙofa.

Ta ce da aka kawo tiren abinci Huda ta ce a'a, ta gode, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta buɗe kwanonta, har ta ba Safiatou ƙwai ɗaya. Alhaji Illo bai yi barci ba ko na ƙiftawar ido. Ya cinye tirensa, ya ce abincin nasara ba ya riƙe ciki, ya sauko da jakar kilishi ya buɗe. Ya miƙa wa na baya, ya miƙa wa na gaba, wasu ƴan kasuwa abokansa. Ƙamshi ya cika wurin. Huda ta rufe hanci da mayafi, ta kira ma'aikaciyar jirgi ta roƙi a sake mata kujera. Aka ce jirgi a cike yake.

"Sai ya yago wani guntu," in ji Safiatou, "ya miƙa mata. Ya ce, karɓi, nan sama babu uwarki, yau zan raba ki da wannan iyayin. Ta ce, Baba Alhaji ka yi haƙuri. Ya sake miƙawa. Ta ce, Baba Alhaji, da tunkuza ake shafa shi. Mutanen baya suka fara dariya. Sai ya ɗaga murya, ya ce, ni da na riƙe ubanki, hannuna za ki bari a sama gaban mutane? Abin da aka koya miki a gida ke nan?"

Safiatou ta tsaya ta share fuska.

"Na ce masa, Alhaji bar yarinya mana. Ya ce, Hajiya ba da ke nake ba, ɗiyata ce. Sai ta sa hannu biyu ta karɓa."

Hannu biyu. Ni na koya mata. Tana da shekara biyar na taɓa marinta don ta karɓi abu daga hannun babba da hannu ɗaya.

"Ta riƙe shi ta daɗe, yana kallonta. Ya ce, bismillah. Ta gutsiri kaɗan, bai kai farcen nan nawa ba. Ya tafa hannu ya ce, kun gani? Ta mutu? Ba a yi minti goma ba ta fara sosa wuya."

Ba zan rubuta duk abin da ta gaya mini bayan wannan ba. Ma'aikatan sun kwantar da ita a hanya, sun yi shela ko akwai lokotoro, babu. Sun buɗe akwatin maganinsu suna juya kwalabe suna gardama. Wata ta tambayi Huda ina nata maganin. Lokacin ba ta iya magana. Ta nuna ƙasa da yatsa, ƙarƙashin ƙafafunsu, inda baliz yake. Kanta na bisa cinyar Safiatou ta cika, saura kusan awa ɗaya a sauka. Alhaji Illo kuwa, kafin jirgi ya taɓa ƙasa ya ɗaure jakar kilishinsa ya mayar sama.

Da Dauda ya dawo cin abincin rana na gaya masa duka. Ya ajiye cokali.

"Wace ce wannan matar? Kin san ta?"

"Ban san ta ba. Ita ta riƙe kan ɗiyarka."

"Fatuma, Yaya ne fa."

"Na san ko wane ne."

"To me kike so? Ta dawo? Kwananta ne ya ƙare. Kuma ko haka aka yi, ai ba ɗura ya yi mata ba. Ta san abin na kashe ta. Da ta ce a'a."

"Ta ce sau biyu. Kai sau nawa ka taɓa ce masa a'a, da gemunka?"

Ya tashi ya ɗauki makulli. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in rufa masa asiri, kar in raba zumunci. Na dubi bayansa yana fita, mutumin da na yi shekara ashirin da huɗu ina wanke wa riga. Ban ji haushi ba ma. Ƙarami na gan shi, kamar an rage shi.

Maganarsa ta zauna mini duk da haka, ba zan ɓoye ba. Huda babba ce. Ta fi mu duka ilimi, ta san abin da guntun nan zai yi mata, ta san allurar na ƙasa. Na yi kwanaki ina tambayarta a zuciyata, ke, me ya sa? Amsar ba ta da nisa. Shekara goma sha tara na koya mata tsoron gujiya, shekara ashirin da biyu na koya mata kunyar manya. Ranar da aka sa ta zaɓi ɗaya, ta ɗauki wanda na fi dukanta a kansa.

Ranar sadakar arba'in aka kafa rumfa a ƙofar gida, maza suka cika ta, liman na tsakiya. Na aika wa Safiatou ta zo, tana cikin mata. Bayan an shafa addu'a na ji muryar Alhaji Illo ta tashi, wani baƙo daga Maradi ya tambaye shi yadda aka yi. Ya kai daidai wurin gato.

Na ɗauki jar jakar na fita. Wata gwaggon Dauda ta riƙe mini zane, na fizge. Na ratsa takalman maza na shiga rumfar, na ajiye jakar a gaban gwiwarsa.

"Alhaji Illo," na ce. Ranar na fara kiran sunansa. "Me Huda ta ci a cikin jirgi?"

Na ji mata a bakin ƙofa sun ce, "La ilaha illallahu!" Ba don tambayar ba. Don na kira sunan ɗiyar fari ne, a gaban maza. Ni kaina sunan ya yi mini baƙo a baki, sai na sake faɗa. "Huda. Me ta ci?"

"Dauda," ya ce, bai dube ni ba, "shigar da matarka, baƙin ciki ya taɓa ta."

Dauda bai motsa ba. Bai tsaya mini ba, amma bai motsa ba, wannan kaɗai zan rubuta masa.

"Wa ya cire wannan jakar daga kafaɗarta ya sa a baliz?" na ce. "Kai ne. Ina tsaye, ubanta na tsaye. Ta dube ni na dubi ƙasa, wannan nawa ne, zan amsa shi gaban Allah. Kai amsa naka. Ga matar da ta zauna kusa da ku."

Safiatou ta fito bakin rumfa ta ce, "Alhaji, ka gane ni? Ni ce wadda ka ce ba da ni kake ba."

Liman tsoho ne, ba ya son hayaniya. Ya ce, "Alhaji, wurin addu'a muke. Gato ne ko ba gato ba?"

Alhaji Illo ya gyara babbar riga, ya dubi mutane yana neman wanda zai yi dariya tare da shi. Sannan ya ɗaga ɗan yatsa ya nuna kan farcensa.

"Kilishi ne, kamar haka. Kamar haka fa, Malam! Wa ya taɓa mutuwa da kilishi? Mu shida muka ci. Ni gyara ta nake so in yi, za ta ƙasar mutane, kar ta je tana ba mu kunya da kwano. Kuma ba ɗura na yi mata ba. Da hannunta ta karɓa."

"Da hannu biyu," in ji Safiatou.

Ba wanda ya yi dariya. Baƙon Maradi ya tashi ya nemi takalminsa. Liman ya ce, "To ai ba gato ba ne ke nan." Ya juyo wurina ya ce in yi haƙuri in yafe, mamaci ya fi son a yafe. Na ce, "Malam, shi bai roƙa ba tukuna. Har yanzu farce yake nuna maka." Na ɗauki jakata na koma ciki.

Daga ranar ban sake jin kalmar kwaɗayi a kan Huda ba, ko a Lazaret ko a kasuwa. Yanzu a kaina ake magana. Wai Fatuma marar kunya, ta kira sunan ɗiyar fari, ta tsinka yayan miji a rumfar sadaka. Su yi ta faɗi, wannan sunan ina iya ɗauka. Alhaji Illo na nan a shagonsa, bara ma ya je Kazabulanka sau biyu. Na ji an ce yanzu cewa yake ma'aikatan jirgi ne ba su iya aiki ba. Dauda yana zuwa gaishe shi ranar Juma'a. In ya dawo ba na tambayarsa, shi ma ba ya faɗa.

Ƙannenta biyu ba abin da gujiya ke yi musu. Dauda ya taɓa cewa yanzu ai sai a koma man gujiya, ya fi daɗin miya. Ban koma ba, bai sake faɗa ba. Jar jakar na rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, allurar ciki ta daɗe da lalacewa.

Kullum in na ɗora tukunya, kafin in zuba yaji sai na lakata a yatsa na kai harshena, in tsaya in ji ko da ƙuli a ciki. Ko ni na daka shi da hannuna sai na ɗanɗana. In na ji babu, sai in ce, "Babu, Huda," in zuba.